Darasi na 9: Maɓallin Gaskiya da Maɓallin Bogi a Shafukan Sauke Fayil

Wannan darasi na duk mai sauke karatu, littafi, waƙa ko fim ne daga intanet, a waya ko a kwamfuta. Kowa ya zo aji da wayarsa da ɗan data, domin a ƙarshe za a gwada abin da aka koya.

Shafi ɗaya, maɓalli huɗu

A ce an turo muku adireshi a zauren WhatsApp na unguwa, aka ce tafsirin azumin bara ne, ko wani littafin Hausa, ko tsofaffin tambayoyin jarrabawar JAMB da yaranku ke nema. Kun taɓa adireshin, shafi ya buɗe. Daga sama ga wani ƙaton maɓalli kore shar, an rubuta "DOWNLOAD NOW" da manyan baƙaƙe, da kibiya tana ta tsalle tana nuna ƙasa. Ƙasa da shi kaɗan ga wani shuɗi, "Start Download". A gefe wani ja yana walƙiya, "Play HD". Sai kun ja shafin sama sau biyu za ku ga wani ɗan siririn rubutu: sunan fayil ɗin, sai "48 MB", sai wani ƙaramin maɓalli da ba a yi masa ado ba. A wayar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka fi yi a Maraɗi da Damagaram, "Télécharger" za a gani, amma tsarin ɗaya ne.

A cikin huɗun nan guda ɗaya ne na mai shafin. Sauran ukun hotuna ne na masu talla, an zana su da kamannin maɓalli. Yawancin mutane na farkon suke dannawa, kuma ba rashin wayo ne ya jawo ba. Wanda ya zana shi sana'arsa ke nan, ya san launin da ido ke fara kai wa, ya san inda babban yatsa ke sauka.

Wa ke biyan kuɗin wannan kyauta?

Ajiye fayil a intanet na cin kuɗi. Akwai manyan kwamfutocin da ake tara fayilolin a ciki, akwai wutar da suke sha dare da rana, akwai layin intanet mai ƙarfi. Shafuka irin su MediaFire da 4shared suna barin mutum ya ɗora fayil, wani ya sauke, ba a karɓi ko sisi ba. To ina kuɗin ke fitowa? Daga masu biyan kuɗin rajista, waɗanda ba su da yawa, sai kuma talla. Shafin Zippyshare, wanda ya yi aiki daga 2006, ya rufe a watan Maris na 2023, kuma cikin dalilan da masu shi suka bayar akwai tsadar wutar lantarki da raguwar kuɗin talla. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, sau da yawa mai shafin bai ma ga tallar da ke shafinsa ba. Fili kawai ya ware, ya ba dillalan talla haya, su kuma na'urorinsu su yi gwanjon filin cikin ƙiftawar ido duk lokacin da wani ya buɗe shafin. Wanda ya fi taya shi ke samu. A cikin masu tayin akwai 'yan kasuwa na gaskiya, akwai kuma wanda ake biyan sa a kan kowane dannawa, ko a kan kowace manhaja da ya sa aka girka a wayar wani. Irin wannan ya lura cewa duk wanda ya shigo shafin abu ɗaya yake nema ido rufe, wato wurin da zai danna ya sauke. Sai ya mayar da tallarsa wannan wurin. Kamar ɗan kamashon da ke tare ku tun daga bakin ƙofar tasha ne, yana "Kano? Kano? Saura mutum ɗaya!", ya fizge jakarku ya kai motar da za a ba shi lada, ba wadda kuka zo shiga ba.

Kada a ɗauka ƙananan shafuka ne kawai. SourceForge yana daga cikin tsofaffin rumbunan manhajojin kyauta a duniya. A watan Nuwamba na 2013 masu manhajar gyaran hoto ta GIMP suka daina ɗora ta a can, suna kukan tallace-tallace masu koren maɓalli da ke ruɗa mutane, da kuma tsarin da shafin ya fito da shi na cusa wasu manhajojin talla a cikin abin da mutum ya zo saukewa. A 2015 rikicin ya ƙara zafi, da aka ga shafin yana raba GIMP na Windows a naɗe da irin waɗannan manhajoji ba da yardar masu ita ba. Sai da aka sayar da shafin a farkon 2016 sabbin masu shi suka soke tsarin. A watan Fabrairun 2016 ne kuma Google ya sanar cewa zai riƙa sa jan gargaɗi a gaban shafukan da ke ɗauke da maɓallan saukewa na yaudara. Daga Fabrairun 2018 burauzar Chrome ta fara toshe talla a shafukan da suka wuce gona da iri, aka faɗaɗa hakan zuwa duk duniya a Yulin 2019. An samu sauƙi, amma masu yi ba su daina ba, sabon adireshi kawai suke buɗewa. Saboda haka idan kun ga jan shafin gargaɗi ku koma baya, amma rashin ganinsa ba shaida ba ce cewa wurin lafiya yake.

Kafin yatsa ya sauka

Ku fara duba kusurwar maɓallin ta sama. Idan akwai wata 'yar alama shuɗiya mai kusurwa uku, ko ƙaramin harafin "i" a cikin da'ira, ko "x" ɗan mitsitsi, ko an rubuta "Ad", "Sponsored" ko "Advertisement" da rubutu mai dishi-dishi, talla ce, magana ta ƙare. Sannan ku duba ko maɓallin ya san abin da kuka zo nema. Na gaskiya yawanci yana kusa da sunan fayil da girmansa, launinsa da rubutunsa sun dace da sauran shafin. Na bogi bai san sunan fayil ɗinku ba, domin hoto ɗaya ne ake liƙawa a dubban shafuka. Shi ya sa ba ya wuce "Download" da "Free" da "Fast".

Waɗannan alamu na ido ne, kuma ido ana iya ruɗa shi. Abin da ya fi su ƙarfi shi ne adireshin da ke bayan maɓallin. A waya, ku ɗora yatsa a kan maɓallin ku riƙe na ɗan lokaci, kada ku saki da wuri. Wani ɗan akwati zai fito, adireshin yana samansa. A kwamfuta kuwa, ku kai kibiyar maus kan maɓallin ba tare da dannawa ba, adireshin zai bayyana a ƙasan allo ta hagu.

Karanta adireshi ma sai an koya, kuma a nan ne ake yawan zamewa. Ku bar "https://" da ke farko. Ku bi rubutun har zuwa karkataccen layi na farko, wato "/". Suna biyun ƙarshe da ke kafin wannan layi, masu ɗigo a tsakani, su ne ainihin mai gida. Ga misali biyu:

download1520.mediafire.com/…/tafsiri.mp3

mediafire.com.kyauta-yau.xyz/tafsiri

Na farko na MediaFire ne, domin "mediafire.com" ne ke jingine da layin. Na biyu ba nasu ba ne ko kaɗan. Mai gida a nan shi ne "kyauta-yau.xyz", sunan MediaFire aro shi aka yi aka sa a gaba don mai karatu daga hagu ya gan shi ya saki jiki. Idan kuma kun ga "doubleclick.net" ko "googleadservices.com", to hanyar talla ce, ba lallai ta ɓarna ba, amma dai ba fayil ɗinku ba ne. Adireshin da ya ƙare da ".com.ng" ko ".org.ng" kuwa, suna ukun ƙarshe za ku duba.

Wani lokaci riƙewar ba ta nuna komai. Akwai shafukan da ke shimfiɗa wani mayafi da ba a gani a kan duk fuskar shafin, ta yadda ko'ina kuka taɓa da farko sai wani sabon shafi ya buɗe, na caca ko na "kun ci kyautar waya". Kada ku karanta shi, kada ku nemi wurin rufewa a cikinsa. Ku rufe shi daga burauza, ku koma shafin farko, ku sake dannawa. Masu sa ku jira daƙiƙa 10 ko 30 kafin maɓalli ya fito ma da gangan ne, so suke ku ƙosa ku danna wani abu. Ku jira.

Abin da ya sauka, shi ne kuka nema?

Kowane fayil yana da 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa, bayan ɗigo, ita ke faɗin irinsa. Littafi yawanci .pdf ne, sauti .mp3, bidiyo .mp4 ko .mkv, hoto .jpg ko .png. Su waɗannan buɗe su ake yi a karanta, a saurara ko a kalla. Amma .apk a wayar Android, da .exe ko .msi a kwamfuta mai Windows, manhajoji ne, shiga cikin na'ura suke yi su yi aiki. Wanda ya je neman tafsiri ya ga "tafsiri.apk" ya sauka, bai samu tafsiri ba, baƙo ya samu. A goge shi, kada a buɗe don a ga mene ne.

A Windows akwai wata matsala: a yadda yake zuwa daga kamfani, yana ɓoye wutsiyar sanannun fayiloli. Masu ɓarna sai su sa wa abinsu suna "littafi.pdf.exe", kwamfuta ta ɓoye ".exe", mai ita ya ga "littafi.pdf". Maganinsa a buɗe File Explorer, a shiga View, a kunna "File name extensions". Sau ɗaya ake yi.

Girma ma shaida ne. Sautin mp3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan MB 1 a kowane minti, to karatun awa guda zai kai MB 50 zuwa 60, ko ƙasa da haka idan an matse shi sosai. Fim cikakke ɗaruruwan MB ne. Idan shafi ya ce fim ne, abin da ya sauka kuma MB 3, ba fim ba ne. Haka nan fayil na .zip da aka kulle da lambar sirri, aka rubuta lambar ƙiri-ƙiri a shafin, abin tuhuma ne. Kullewar ba don ku aka yi ba, don manhajar tsaro ta kasa leƙa ciki ne.

Inda asarar take

Mu a ganinmu, nan ne zuciyar darasin. Danna maɓallin bogi shi kaɗai, a waya ko burauzar da ake sabuntawa, da wuya ya wuce ɓata lokaci da ƙona data. Asara tana zuwa ne a mataki na biyu, lokacin da shafin da aka jefa ku ya nemi wani abu, ku kuma kuka ba shi. Sauke fayil ba ya buƙatar komai daga gare ku sai dannawa. Duk abin da aka nema bayan wannan, wani ne ke da buƙata.

Wanda ya fi yawa shi ne neman izinin turo sanarwa. Shafi zai nuna hoton mutum-mutumi, ya ce ku danna "Allow" don tabbatar da ku mutane ne, ko don bidiyo ya fara. Wannan maɓalli ba ruwansa da tantancewa, izini ne kuke ba shafin ya riƙa turo saƙo saman wayarku ko da kun rufe shi. Masu gyaran waya sun saba da sakamakon. Dattijo ya miƙa waya, ransa a ɓace:

"Yaro, duba mini wannan abu. Hotunan banza ke ta fitowa, ga jikoki na ɗauka. Kuma kullum sai ta ce wai cuta ta kama ta."

"Baba, ba cuta ba ce. Akwai wani shafi da kuka ba izini. Kun taɓa sauke wani abu kwanan nan?"

"Wa'azi ne kawai aka turo mini."

"To a nan ne, Baba. Ku ba ni minti biyu."

Minti biyun kuwa kowa na iya yi da kansa. A Chrome, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications. Duk shafin da ba ku sani ba a jerin waɗanda aka ba izini, ku toshe shi.

Na biyu, neman lambar waya "don a turo muku fayil". Sau tari rajista ce ta wata hidima mai cire kuɗi kullum ko duk mako, wasanni ko saƙonnin nishaɗi, sai mutum ya sa katin naira 500 ya ga yana narkewa bai kira kowa ba. A Najeriya, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin waya a 2023, *305# ita ce ta dakatar da irin waɗannan hidimomi a kowane layi. Aika STOP zuwa 2442 na hana saƙonnin talla. Idan kamfani bai share muku hawaye ba, lambar kai ƙorafi ga hukumar ita ce 622, kyauta ce.

Na uku, a ce sai kun girka wata manhaja kafin fayil ya buɗe, ko kun sabunta "Flash Player". Kamfanin Adobe ya daina Flash tun ranar 31 ga Disamba, 2020, don haka duk mai cewa ku sabunta shi yau maƙaryaci ne. Ɗan'uwan wannan shi ne shafin da ke sa waya rawa yana cewa an gano ƙwayoyin cuta 13, batir zai lalace nan da minti biyu. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarku, zane ne kawai da agogon tsoratarwa. Tun daga Android 8 na shekarar 2017, waya ba ta girka .apk daga burauza sai mai ita ya shiga saiti ya ba da izinin "Install unknown apps" da hannunsa. Wannan ƙofa a rufe ya kamata ta zauna. Manhajar da ta shigo ta nan, ta kuma nemi karanta saƙonninku ko ta nemi izinin "Accessibility", tana iya ganin lambar OTP da banki ke turowa, har da abin da kuke rubutawa. Masu son GBWhatsApp da ire-irensa su sani ta wannan ƙofar irin waɗannan manhajoji ke shigowa, kuma kamfanin WhatsApp na iya rufe asusun mai amfani da su.

Akwai wata sabuwar dabara da ta yaɗu daga 2024, ta masu kwamfuta. Shafi zai ce don tantancewa ku danna maɓallin Windows tare da R, sai Ctrl da V, sai Enter. Wanda ya bi, da hannunsa ya ba kwamfutarsa umarnin ɗauko ɓarawo. Ɗaya daga cikin manhajojin sata da aka yaɗa ta wannan hanya da wasu hanyoyin ita ce Lumma, mai kwashe lambobin sirrin da aka adana a burauza. A watan Mayun 2025 Microsoft ya ce cikin wata biyu ya gano kwamfutoci fiye da 394,000 da ta kama a faɗin duniya. Tantancewa ta gaskiya ba ta fitar da mutum daga burauza.

Idan an riga an girka wani abu, a kashe data, a shiga jerin manhajoji a cire baƙuwar, a buɗe Play Store a sa Play Protect ya yi bincike. Idan akwai manhajar banki a wayar, a kira banki ta lambar da ke bayan katin ATM, a canja lambobin sirri daga wata na'urar dabam. Kunya ba ta da amfani a nan, jinkiri ne ke ba ɓarawo lokaci.

Rage tarkon tun daga tushe

Manhajar toshe talla tana kawar da yawancin maɓallan bogi kafin ido ya gan su. A Disamban 2022 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta ba da shawarar amfani da ita, saboda 'yan damfara na sayen talla a shafukan bincike da sunan sanannun kamfanoni, ta yadda sakamakon farko da ke fitowa nasu ne. Ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, uBlock Origin, kyauta ce, tana aiki a burauzar Firefox har a wayar Android, burauzar Brave kuma da nata take zuwa. Amma a ɗauko su daga Play Store ko rumbun burauzar, domin akwai na bogi a cikinsu ma. Gaskiya ne masu shafukan kirki da talla suke ci, kuma wanda ya ga dama yana iya kashe toshewar a shafin jaridar da yake karantawa.

Fayil ɗin da kuke shakka, shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, yana gwada shi da manhajojin tsaro kusan 70 a lokaci guda. Sai dai abin da aka ɗora can masu bincike na iya gani, kada a sa takardar sirri.

Wata magana da ba kowa ke son ji ba: tallar da ta fi muni tana shafukan da ke raba fim da waƙa da littafi na sata ne, domin manyan kamfanoni ba sa son a ga sunansu a wurin, sai masu yaudara su cike filin. Fina-finan Hausa masu dogon zango da yawa masu su na sa su a YouTube da kansu, malamai da dama kuma suna da tashoshinsu. Wanda ya je can ya tsira daga maɓalli huɗu, mai aikin kuma ya samu haƙƙinsa.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Malami zai ba da adireshin wani fayil da ya riga ya gwada. Ku buɗe shafin, kada ku danna komai. Ku ƙirga abubuwan da ke kama da maɓallin saukewa, ku riƙe kowanne da yatsa, ku kwafi sunan mai gidan adireshinsa a littafi. Sai kun yarda ku biyun a kan na gaskiya sannan ɗaya ya danna. Bayan nan kowa ya buɗe jerin shafukan da ya ba izinin sanarwa a wayarsa, ya toshe waɗanda bai sani ba.

Tambayoyi

1. Wane ne mai gida a wannan adireshi: drive.google.com.fayil-dina.top/littafi? Ta yaya kuka gane?
2. An ce fim ne na awa biyu, abin da ya sauka sunansa "fim_HD.apk", girmansa MB 4. Kawo dalili biyu na ƙin buɗe shi.
3. Maƙwabciyarku ta ce katinta na ƙarewa ba ta kira kowa ba, tun ranar da ta sa lambarta a wani shafin waƙoƙi. Me za ku ce ta yi?
4. A gida, ku koya wa mutum ɗaya riƙe maɓalli don ganin adireshi, ku zo wa aji da bayanin inda ya fi ba shi wahala.